Kafin Ka Ɗora wa DVD Laifi, Leƙa Bayan Talabijin

A gidaje da yawa, daga Kano har Maraɗi, akwai na'urar DVD da aka ɗora saman sif ƙura na hawanta, alhali lafiyarta ƙalau. An ce hotonta ya dusashe, ko ta daina nuna kala, ko kiɗa na tashi amma maganar 'yan wasa ba ta fita, ko kuma an sayo sabon talabijin mai faɗi an rasa ramin da za a soka mata waya. Daga nan sai maigida ya yanke cewa ta tsufa, ko ɗan kasuwa ya cuce shi. Abin da nake so in kafa hujja a kansa shi ne, a mafi yawan irin waɗannan koke-koke matsalar tana tsakanin na'urorin ne, wato a wayar da aka zaɓa, da ramin da aka soka ta, da saitin da aka bari yadda ya zo daga kamfani. Na'ura mai tsada da aka haɗa da hanya mara kyau ba za ta ba ka abin da 'yar araha da aka haɗa daidai za ta ba ka ba. Wannan ilimi ne da ba ya buƙatar makaranta, kuma rashinsa yana jawo wa mutane asarar kuɗin da suka sha wahala kafin su tara.

A fara da abin da ke cikin faifan. DVD ya fito ne daga yarjejeniyar da manyan kamfanoni irin su Sony da Philips da Toshiba da Panasonic suka cimma a 1995, na'urorin farko suka shiga kasuwar Japan a ƙarshen 1996, sannan Amurka a 1997. Faifai mai shimfiɗa ɗaya yana ɗaukar gigabait 4.7, mai shimfiɗa biyu kuma 8.5, alhali faifan CD na yau da kullum bai wuce megabait 700 ba. Wannan sarari ne ya sa hoton DVD ya kai ɗigo 720 a kwance da 576 a tsaye a tsarin da muke amfani da shi, inda na VCD ya tsaya a 352 da 288. Wato hoton DVD ya ninka na VCD kusan sau huɗu. A cikin faifan, hoto da sauti a rubuce suke da lambobi, kuma na'urar tana raba su gida biyu kafin ta fitar da su. Duk maganar haɗi ke nan: a nema wa hoto hanya zuwa allo, a nema wa sauti hanya zuwa sifika, kuma ba dole ne hanyoyin biyu su zama ɗaya ba. Ƙa'idar da ke ƙarƙashin komai kuwa ita ce saƙo yana fita ta ramin da aka rubuta wa OUT ya shiga ta wanda aka rubuta wa IN. Talabijin da yawa suna da ramuka masu launi iri ɗaya a jere biyu, ɗaya na shiga ɗaya na fita, kuma wanda ya bi launi kawai bai karanta rubutun ba zai yi ta danna rimot allo na nan shuɗi.

Hanyar da kowa ya sani ita ce wayar nan mai kai uku, rawaya da ja da fari, wadda akan tarar a cikin kwali. Rawaya ce kaɗai ke ɗaukar hoto. Fari sautin hagu ne, ja sautin dama. Tana aiki da kusan kowane talabijin, shi ya sa kamfanoni ke sako ta, amma ita ce mafi rauni a cikin duk hanyoyin da na'urar ke da su. Dalili shi ne hoto yana da sassa biyu, haske da launi, ita kuwa rawayar waya tana cusa su a zare ɗaya, kamar a zuba gero da dawa a buhu guda sannan a ce wa mai karɓa ya rarrabe su. Talabijin zai yi iya ƙoƙarinsa, amma rarrabewar ba ta taɓa cika. Abin da ido ke gani shi ne ja yana malala ya wuce iyakarsa, gefen rubutu yana rawa da ƙananan ɗige-ɗige, riga mai ratsi-ratsi tana walƙiya da launukan da babu su a jikinta. A ƙaramin talabijin mai ƙusumbi na inci 14 ko 21 ba a cika lura ba. A allo mai faɗi na inci 43 kuwa duk wani aibu sai ya fito fili, kuma a nan ne mutane ke cewa DVD ba ta dace da talabijin na zamani ba, alhali wayar ce ba ta dace ba.

Akwai hanyoyin da suka fi ta, kuma sau da yawa ramukansu na nan a bayan na'urar ba a taɓa soka musu komai ba. S-Video, mai zagayayyen kai da allurai huɗu, yana raba haske da launi, kuma wannan kaɗai yana kawar da rawar gefen rubutu. Sama da shi akwai ramuka uku, kore da shuɗi da ja, waɗanda aka rubuta wa Y da Pb da Pr. Dukansu ukun na hoto ne, babu sauti a cikinsu, saboda haka sai an ƙara ja da fari na sauti, wayoyi su zama biyar. A nan ake yawan kuskure, domin ja ya zama biyu, ɗaya na hoto ɗaya na sauti. Idan aka musanya su, hoto yakan fito da launi a karkace, fuskoki su koma kore-kore, sifikar dama kuma ta riƙa gurnani. Idan kuma aka soka rawayar waya a koren rami, a talabijin da yawa hoto zai fito baƙi da fari. Ba abin da ya ƙone, ba kuma abin da ke buƙatar mai gyara. Sai kuma babban ramin nan mai kama da murabba'i mai kusurwa a karkace, mai allurai 21, wato SCART, wanda Faransa ta ƙirƙiro a 1977. Ana yawan ganinsa a talabijin na gwanjo da suka fito daga Turai, da kuma kayan da ke shigowa Nijar. Cikakkiyar wayar SCART daga na'ura zuwa talabijin tana iya ɗaukar ja da kore da shuɗi a rarrabe tare da sauti, kuma hotonta yana da kyau ƙwarai. Amma ƙaramin kan nan da ake sayarwa, wanda ake soka wa rawaya da ja da fari, bai ƙara komai a kan rawayar waya ba, kuma a jikin wasu akwai ɗan maɓalli na IN da OUT wanda in yana gefen da ba daidai ba ba za a ga komai ba.

Idan na'urar da talabijin ɗin duka suna da HDMI, to magana ta ƙare, ita za a bi. Tsarin ya fito a ƙarshen 2002, kansa yana da allurai 19, kuma yana ɗaukar hoto da sauti tare a waya ɗaya. Fifikonsa ba a sauƙi kaɗai yake ba. A duk hanyoyin da aka ambata a baya, na'urar tana mayar da lambobin faifan su zama igiyar lantarki mai hawa da sauka, sannan talabijin na zamani ya sake mayar da ita lambobi, kuma a kowace juyawa ana asarar wani abu. HDMI yana miƙa lambobin yadda suke. Sai dai akwai abu biyu da ya kamata mai saye ya sani don kada a yaudare shi. Na farko, rubutun 1080p da ke jikin kwalin wasu na'urori ba yana nufin faifan DVD ya koma fim mai ingancin zamani ba. Allo mai ɗigo 1920 da 1080 yana da ɗigo ninki biyar na abin da ke cikin faifan, allon 4K kuwa ninki ashirin, kuma abin da na'urar ke yi shi ne cike giɓin da lissafi. Hoton zai yi santsi, amma abin da babu a cikin faifan ba zai bayyana ba. Na biyu, wayar HDMI mai tsada da kai mai ruwan zinariya ba ta ƙara wa hoto kyau. A tazarar mita ɗaya ko biyu, waya mai lafiya tana isar da lambobin cif, mara lafiya kuma tana nuna kanta da ɗige-ɗige masu ƙyalli ko ɗaukewar hoto. Abin dubawa shi ne ƙarfin kan wayar, kada ya zama mai sakwarkwacewa a cikin rami.

Kowace hanya aka zaɓa, hoto ya tafi kai tsaye daga na'ura zuwa talabijin. Masu tsohuwar bidiyon kaset sukan bi da DVD ta cikinta saboda talabijin ɗinsu rami ɗaya gare shi, sai su ga hoto yana haske yana duhu da kansa. Wannan wata kariya ce mai suna Macrovision da kamfanonin fina-finai ke sa wa faifansu na asali don hana kwafa zuwa kaset, kuma tana rikita bidiyon ko da ba kwafa ake yi ba. Maganinsa ƙaramin akwatin sauya layi ne mai maɓallai, wanda ake soka wa na'urori biyu ko uku. Wanda kuma ya sayi sabon talabijin ya tarar babu rawaya da ja da fari, ya fara duba ko akwai ɗan rami irin na abin sauraro na kunne da aka rubuta wa AV, domin kamfanoni da yawa sun mayar da ramukan uku cikin wannan ɗaya, suna sako gajeriyar wayarsa a kwali. In babu shi, akwai akwatin da ke mayar da AV ya zama HDMI. A karanta jikinsa da kyau, domin akwai mai yin akasin haka, kamanninsu ɗaya, kuma ɗaya ba ya aikin ɗaya. Yana kuma buƙatar wuta ta USB, abin da mutane kan manta su ce an sayar musu da mara kyau.

Batun sauti ya fi na hoto wahala, kuma a ganina shi ne aka fi zalunta. Talabijin na zamani ya sirance har babu wurin da sifika mai kirki za ta zauna a cikinsa, galibi ƙanana ne masu kallon ƙasa ko bango. Sauti kuwa iska ce ake turawa, kuma ƙaramar sifika ba ta iya tura iska mai yawa. Saboda haka duk wanda ke da amfilifaya ko rediyo mai manyan sifiku a falo, ya kamata ya bi da sautin DVD ta can. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauki ja da fari daga bayan na'urar a kai ramin AUX ko CD ko DVD na amfilifayar, a bar hoto ya tafi talabijin shi kaɗai, a kuma rage sautin talabijin ɗin gaba ɗaya don kada murya ta riƙa zuwa biyu. Ramuka biyu ne ba a soka DVD a cikinsu: na makirufo, da wanda aka rubuta wa PHONO a tsofaffin amfilifayoyi. An yi su ne don saƙo mai rauni ƙwarai, irin na allurar garmaho, suna ƙara masa ƙarfi ninki-ninki, kuma in aka ba su saƙon DVD sai sauti ya fashe, har sifika na iya lalacewa.

Sama da wannan akwai tsarin da ake rubuta wa 5.1, wanda fina-finan manyan kamfanoni ke zuwa da shi a tsarin Dolby Digital ko DTS. Layuka shida ne daban-daban: hagu da dama na gaba, na tsakiya, biyu na baya, sai na wufa mai ɗaukar rugugi. Ja da fari ba sa iya ɗaukar layi shida. Sai dai a bi ta HDMI, ko ta ramin COAXIAL wanda galibi launin ruwan lemo ne, ko ta OPTICAL, tsarin da Toshiba ta fito da shi a 1983, wanda ke aika saƙo da jan haske ta cikin zare. Wayar hasken tana zuwa da 'yan huluna na roba a kawunanta da sai an cire, kuma ba ta son a lanƙwasa ta da ƙarfi. Shi kuwa COAXIAL, in ba a sami wayarsa ba, rawayar wayar hoto tana yi masa aiki, domin ƙirarsu ɗaya ce. Wasu na'urorin DVD kuma suna da ramuka shida a jere, kowanne da sunan sifikarsa, waɗanda ake haɗawa ɗaya bayan ɗaya da amfilifaya mai irinsu. Tun daga 2009 an ƙara wa HDMI wata dabara da ake rubuta wa ARC, wadda ke ba talabijin damar mayar da sauti zuwa amfilifaya ta waya ɗaya, kuma tana da amfani ga mai DVD da dikoda duka, domin sai ya soka su a talabijin, sautinsu ya gangaro wuri guda. Amma rami ɗaya ne kawai a talabijin ke da wannan rubutu, kuma shi za a nema. Ya kamata a faɗi gaskiya a nan: jerin sifiku da yawa da ake sayarwa a kasuwa, akwati biyar da wufa, ja da fari kaɗai suke karɓa, sai su watsa layi biyun nan cikin akwatuna shida. Ɗaki zai cika da ƙara, amma ba 5.1 ba ne. Mai saye ya juya bayan wufar ya ga irin ramukan da ke wurin kafin ya biya.

Daga nan ne ake fahimtar ƙorafin nan da ya fi kowanne yawa, cewa kiɗa da harbi suna girgiza ɗaki amma ba a jin abin da 'yan wasa ke faɗa. A fim mai 5.1, kusan duk magana tana layin tsakiya ne. Idan na'urar tana kan saitin 5.1 alhali ja da fari kawai aka soka, to hagu da dama ne ke fita, layin tsakiya yana tafiya ramin da babu waya. Maganar tana nan, ba a dai ba ta hanya ba. A shiga saitin sauti a nemi inda aka rubuta Downmix a mayar da shi Stereo, na'urar za ta narkar da layukan shida cikin biyu, murya ta dawo. Ɗan'uwan wannan kuskure yana wajen saƙon dijital. A saitin akwai zaɓi tsakanin Bitstream, wanda wasu ke rubutawa RAW, da kuma PCM. Na farko yana tura sautin a ƙulle, sai amfilifaya mai iya kwance Dolby ko DTS ta karɓa. Na biyu na'urar ce ke kwancewa ta aika layi biyu da kowa ke ganewa. Wanda ya tura ƙullallen DTS zuwa talabijin da bai san shi ba, shiru zai ji ko wani shuuu mai ban tsoro. Mai cikakkiyar amfilifaya ya zaɓi Bitstream, wanda ba shi da ita ya zaɓi PCM. Gyaran minti biyu ne, amma an sha biyan kuɗin mota da na mai gyara a kansa.

Su kansu sifikun suna da ƙa'idarsu. Kowace tana da zare biyu, mai alamar tarawa da mai alamar ɗebewa, galibi ja da baƙi. Idan aka juya na ɗaya aka bar na ɗaya daidai, to lokacin da wannan ke tura iska waccan tana janyewa, sai rugugin ya soke juna, sauti ya zama holoƙo. Sannan kowace sifika tana da lambar om a bayanta, 4 ko 6 ko 8, amfilifaya kuma tana da mafi ƙarancin da take iya ɗauka. Al'adar nan ta murɗe wayoyin sifiku biyu ko uku a cusa a rami ɗaya don ƙara ƙara ita ce ke kashe amfilifayoyi, domin sifika biyu masu om 8 in aka haɗa su haka sun koma 4, masu 4 kuma sun koma 2, sai na'ura ta yi ta zafi har ta ƙone. Kada kuma a ruɗu da dubban wat da ake bugawa a kwali da harufan PMPO. Lambar da ke da ma'ana ita ce ta RMS, kuma takan zama ƙarama ƙwarai in aka gwada su. Wajen jerawa, ta tsakiya ta zauna dab da allo, hagu da dama su yi nisa ɗaya daga mai kallo, na baya su kasance gefe ko bayan kujera. Masu jera duka biyar a kan teburin talabijin sun sayi abu sun hana shi aikinsa. Mai tsohon talabijin mai ƙusumbi kuma ya nisanta manyan sifiku da shi, domin maganaɗisunsu yana ɓata launin gefen allo.

Saitin hoto ma yana da nasa tarkon. Najeriya da Gana suna kan tsarin PAL, Amurka da Japan suna kan NTSC, Nijar kuwa ta gaji SECAM daga Faransa a tashoshinta na da. Idan na'ura na fitar da NTSC zuwa tsohon talabijin da PAL kaɗai ya sani, hoto zai zama baƙi da fari, wani lokaci yana gungurawa sama. A rimot na na'urori masu araha akwai maɓallin N/P da ke sauya wannan da dannawa ɗaya, kuma yaro na iya taɓa shi ba wanda ya lura. Haka maɓallin da ke sauya hanyar fitar hoto, wanda in aka danna shi ya koma kan kore da shuɗi da ja alhali rawaya ce a soke, allo na iya ɗaukewa gaba ɗaya. Sai siffar allo: 4:3 na tsohon talabijin ne, 16:9 na mai faɗi, kuma rashin gaya wa na'urar wanne ke gabanta shi ke sa mutane su fito a miƙe kamar sanda ko a baje. Akwai kuma lambar yanki. An raba duniya shida, Amurka da Kanada 1, Turai da Japan da Gabas ta Tsakiya 2, Sin 6, mu kuwa muna 5 tare da Indiya da Rasha. Faifan asali da aka sayo a Landan ko Saudiyya zai iya ƙin buɗewa a na'urar da aka kulle wa yanki 5, ba don ya lalace ba. Yawancin na'urorin da ke kasuwanninmu a buɗe suke, amma ta gwanjo daga Turai ko Amurka takan zo a kulle.

Wutar lantarki kuwa kuskurenta ba ya gyaruwa da rimot. Wutarmu bolt 230 ce, ta Amurka 120. Kafin a soka na'urar da ɗan'uwa ya aiko daga can, a karanta takardar bayanta. In an rubuta 100 zuwa 240, babu damuwa. In 120 kaɗai aka rubuta, sai da taransifoma mai rage wuta. A kashe komai kafin a soka ko a zare waya, a zare filogi lokacin da ake sauyawa zuwa janareta da lokacin hadari mai tsawa. Gurnanin nan mai kauri da wasu sifiku ke yi ko ba a kunna fim ba, sau da yawa yana raguwa in aka soka DVD da talabijin da amfilifaya a soket ɗaya, aka kuma raba wayoyin sauti da na wuta. Kada a ɗora DVD a kan amfilifaya, domin zafinta sama yake tashi. Ƙurar hunturu kuma tana zama a kan idon da ke karanta faifai, shi ya sa rufe na'ura da ƙyalle bayan an kashe ta yake da amfani.

Mai karatu zai iya cewa duk wannan wahalar banza ce, tunda zamanin faifai ya wuce, kowa yana kallo a wayar hannu ko YouTube ko tashoshi irin su Arewa24. Gaskiya ne kasuwar faifai ta faɗi, kuma masu sana'ar fim a Kano sun fi kowa sanin haka. Amma faɗuwar kasuwa ba ta goge abin da ke cikin faifan da ke gidaje ba. Tun daga 1990 da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, fina-finan Hausa sun bi ta kaset, suka koma VCD, suka koma DVD, kuma ba dukansu ne aka ɗora a intanet ba. Ban da su akwai tafsirin malaman da suka riga mu gidan gaskiya, da bikin aure da suna da walimar saukar karatu, waɗanda kwafinsu ɗaya ne tak a duniya, yana cikin wata akwati a ɗakin uwargida. Faifai ba ya cin data, ba ya jiran sabis, kuma iyali na iya zama su kalla tare maimakon kowa ya duƙufa a kan tafin hannunsa. Bugu da ƙari, ramukan da ke bayan DVD su ne dai a bayan dikoda da akwatin intanet da na wasan yara. Wanda ya gane su sau ɗaya ya gane su ke nan.

Hujja ta biyu ta masu suka ta fi ƙarfi, kuma dole a ba ta haƙƙinta. Za a ce yawancin faifan da ke hannun mutane VCD ne, ko DVD ɗin da aka cusa wa fina-finai goma ko ashirin, sautinsu layi biyu ne ko ma ɗaya, to me waya mai kyau za ta ƙara? Lallai waya ba ta mayar da abin da aka zubar wajen matse fim. Faifan da aka yi don ɗaukar fim ɗaya ko biyu, in aka danna masa ashirin, hotonsa zai farfashe ya zama 'yan murabba'ai ko da wace hanya aka bi. Kuma wanda fina-finansa duka masu layi biyu ne, sayen amfilifaya mai 5.1 ɓarnar kuɗi ce a gare shi, sifiku biyu masu kyau sun fi masa biyar marasa kyau. Amma wannan hujjar tana hana kashe kuɗin da bai kamata ba ne, ba ta halatta haɗi mara kyau ba. Hoton da ya riga ya raunana shi ne ya fi buƙatar kada a ƙara masa wata asara a hanya, kuma muryar malami da aka ɗauka da makirufo ɗaya a masallaci ta fi fita a sifika mai kirki fiye da ta cikin siririn talabijin, musamman ga dattijon da jinsa ya ragu.

Wasu kuma za su ce ai akwai masu gyara, kowa da sana'arsa. Haka ne, kuma idon na'ura da ya mutu, ko tiren da ya ƙi fita, ko wutar da ta ƙone, aikinsu ne, kada wanda bai iya ba ya kwance murfi, balle na tsohon talabijin da ke riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare shi. Amma soka waya da sauya saiti aikin mai gida ne, domin shi ne ke wurin ranar da yaro zai danna maɓalli, ko aka matsar da kaya don shara waya ta zare. Saboda haka, mai karatu, kafin ka kai na'urarka gyara ko ka sayi wata, juya ta, juya talabijin da amfilifaya, ka karanta abin da aka rubuta a ƙarƙashin kowane rami, ka zaɓi mafi kyawun hanyar da suka yi tarayya a kai. In ta tashi, fara da faifan bikin gidanku, ka kuma sa a kwafe maka shi a kwamfuta ko filashi tun yana karantuwa, domin faifan da aka buga a shago rini ne a cikinsa, kuma zafi da hasken rana suna cinye shi a hankali.